Shekarar da Muka Aika Murya Kurmi

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kowace yamma hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, sai iska ta taso ta watsa shi, mu kwana cikin gumi. Jiya ina zaune a ƙofar sitidiyonmu da ke kan hanyar tasha, a nan Dogon Dutsi, ina jin yaran da ke aiki a ciki suna mita, don an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, suna tsakiyar haɗa bidiyon wani biki na Kore Mairuwa. Ɗayansu ya fito yana fifita da kwali, ya ce da ni, rabi Hausa rabi Faransanci, wai ba a taɓa yin zafi irin wannan ba. Dariya kawai na yi. An yi wanda ya fi shi, kuma a cikinsa aka fara sana'ar da yake ci yau.

Wanda bai daɗe a garin nan ba zai ɗauka haka layinmu yake tun asali. Daga inda nake zama ina ganin masu ɗaukar hoto, da teloli masu ɗinka wa amare da 'yan wasan kwaikwayo kaya, da mai buga alluna, da 'yan mata masu lalle, da mai hayar lasifika. Mawaƙa suna zuwa ɗaukar waƙa daga Matankari, daga Tibiri, har daga ƙetaren iyaka ta wajen Kabi. Matar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin layin da cinikin yaran nan ta aurar da 'ya'yanta. Amma wajen shekara arba'in da suka wuce babu komai a nan sai rumfar zana guda, inda wani gurgu yake gyaran rediyo. Gurgun ƙanin mijina ne, sunansa Ilu.

Ni 'yar Ɗan Kassari ce, aure ya kawo ni Dogon Dutsi. A shekarar da nake magana ina goyon 'yata ta fari, wadda muke kira Lami. Damanar da ta gabata ba ta ba da komai ba. Gero ya fara fitar da kai sai ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Kafin sanyi ya wuce mun share ƙasan rumbu da tsintsiya. Maza suka watse kurmi neman abin da za su aiko, wasu Kwatano, wasu Lome, wasu Abijan. Maigidana ya bi su. Gidan ya rage daga ni sai surukina Baba, tsoho mai taurin kai wanda matarsa ta daɗe da rasuwa, sai Ilu wanda ƙafa ta hana shi tafiya, sai jaririyar da ke bayana.

Azumi ya kama mu cikin tsakiyar bazara. Ni da nake shayarwa an ce in sha, amma mai azumi da marar azumi abu ɗaya suke ci a lokacin, sai na ɗauka tare da kowa. Da asuba mukan sha kunun dusa, tsululu, wanda kana iya ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Da an idar da salla sai mata mu fita a jere zuwa bayan dutsi neman anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, waɗanda a shekarar wadata ba mai waiwayarsu. Kafin hantsi duwatsun sun ɗauki zafi, takalmin roba yana laushi a ƙafa. Mu dawo mu ɓare, mu shanya, mu jiƙa, a yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya ragu. Ruwan ma sai an sha wahala, don rijiya ta yi nisa, guga yakan fito da rabin laka. Da azahar gari yakan yi tsit, ko kuka jaki ba ya iya yi. Idan aka kira magariba mu sha ruwa, mu ci anza dafaffe da ɗan gishiri. Yana cika ciki, amma ɗacinsa yakan kwana a maƙogwaro.

Abu ɗaya ya rage a gidan mai daraja, shi ne irin gero. Baba ya zuba shi a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya ajiye a ƙarƙashin gadonsa. Ruwan farko ya sauka a farkon azumin, mai ƙarfi, har ƙanshin ƙasa ya sa Lami atishawa. Muka fita shuka, Baba yana sara da sungumi, ni ina bi ina zuba iri ina rufewa da diddige, Ilu yana jan ƙafa a bayanmu da ƙoƙon iri. Gero ya tsiro kamar gashin jariri. Daga nan sama ta rufe. Iska mai zafi ta yi ta busowa da yashi har ta binne shukar, abin da ya leƙo rana ta ƙone shi. Rabin tulun ya tafi a banza. Baba ya sake liƙe bakin tulun.

Maƙwabciyarmu Inna Hajo tsohuwa ce mai kiɗan ƙwarya a bukukuwan mata. A tsakar gidanta muke taruwa ɓarar anza, don tana da itacen bedi mai inuwa. Wata safiya muna aiki sai ta kife ƙwarya ta fara bugawa da yatsu a hankali. Ni kuwa tun ina yarinya bakina ba ya rasa waƙa. Sai na fara jero sunayen mazan da suka tafi, ina tsokanar matansu. Ka san mace ba ta faɗin sunan mijinta, to ni sai in faɗa mata, in haɗa da sunan gonarsa da abin da ya faru bayansa: wane, matarka ta sauka, namiji ne, wane, jakinka ya mutu amma katangar da ka gina tana nan. Da aka zo kan nawa na yi shiru, sai Inna Hajo ta karɓa ta ambace shi, ta ce 'yarsa ta yi haƙori bai gani ba. Mata suka yi ta dariya, wasu suna share hawaye da gefen zane.

Ashe Ilu yana cikin zaure da wata rediyo mai cin kaset da aka kawo masa gyara, yana gwada ta, har ya ɗauki waƙar. Ya shigo yana murmushin mugunta, ya ce da ni matar yaya, zo ki ji wata mata mai kama da ke. Ya danna. Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Na rufe fuska, na ce ya goge, ya ƙi. Da yamma ya same ni ina wanke anza, wannan karon ba da wasa ba. Ya ce akwai wani direba ɗan Matankari mai zuwa Kwatano ta Gaya, wanda yake gyara wa rediyon mota. Ya ce mutanenmu da ke can ba mugunta ta hana su aike ba, nisa ne, kowa yana jira ya tara da yawa. In aka ba direban kaset ya kai musu, suka ji sunansu da muryar gida, ba za su iya jira ba.

Na kai maganar wurin Baba, don ba zan yi a ɓoye ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Mu manoma na, ba maroƙa ba. Tun kakana ba a taɓa jin muryar matar gidan ga a kasuwa ba, balle a tashar wata ƙasa.” Ya ƙara da cewa in muryata ta fita gidan, in shirya bin ta. Na tashi na koma bakin murhu.

Bayan 'yan kwanaki nonona ya fara ƙafewa. Lami ta kama gudawa, idanunta suka faɗa, kukanta ya zama kamar na ɗan kyanwa. Anza ba abincin jariri ba ne. Wata rana da hantsi na dawo daga rijiya na tarar da Baba a durƙushe a ɗakinsa, ya fasa lakar bakin tulun, yana ɗibar iri da hannu yana zubawa a ƙoƙo. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce in dama wa yarinyar kunu. Na karɓa, na daka, na dama, ta sha ta yi barci. Washegari ya sake ɗiba. A rana ta gaba da na ga ya nufi tulun sai na durƙusa a ƙofar ɗakin.

Na ce, “Baba, in munka ci iri, mi za mu shibka in ruwa ya dawo? Ka bar ni in aika da muryata. Ita ko ta tafi tana nan wurina. Iri in ya tafi ya tafi ke nan.”

Ya daɗe yana kallon tulun. Can ya juya fuska wajen bango ya ce, “Ni na tsufa, kunnena ba shi ji sosai. Abin da ake yi ɗakin Hajo, ban jin shi daga nan.”

Da sassafe muke ɗauka, bayan sallar asuba, kafin ƙishirwa ta daskarar da harshe. Ilu ya ari batirin mota wurin direban. Muka rataya tabarmi a ƙofa da taga don iska, ɗakin ya zama kamar tanda, gumi yana ɗiga daga haɓar Inna Hajo a kan ƙwarya. Sau da yawa muna tsakiyar waƙa jaki zai yi kuka ko yaro ya faɗo ɗakin, a koma farko. Ilu da alƙalami yake mayar da kaset baya don kada batir ya ƙare. Mata suka yi ta zuwa daga wasu unguwanni, kowace ta raɗa wa maƙwabciyarta sunan mijinta, ita kuma ta faɗa mini. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba za a roƙi kowa komai a cikin waƙar ba. Na ce za mu faɗa musu yadda gari yake, da wanda aka haifa, da wanda aka binne, da yadda anza take a baki. Abin da za su yi da labarin, su suka sani. Idan na fito daga ɗakin sai in ga gari yana juyawa, in dafa bango har jirin ya wuce, sannan in ɗauki ƙwarya in bi mata bayan dutsi.

Direban ya tafi da kaset ɗin ana gab da sallah. Sallar ta zo ta wuce ba wanda ya ɗinka ko ɗankwali. Bayanta ruwa ya dawo, na gaske, kwana biyu ana yi. Baba ya juye tulun gaba ɗaya muka shuka, har ya kaɗa gindinsa don kada ƙwaya ta maƙale. Gero ya tsiro, ciyawa ma ta tsiro, ga noma ya zo ba ƙarfi a jiki. Nakan nome kunya ɗaya in zauna, in nome wata in zauna. Tafasa ta fito a bakin gona, muka samu canjin baki, muna dafa ta da gishiri. Daga kurmi kuwa shiru. Wasu matan suka fara janye jiki daga gare ni. Wata da mijinta ya aiko da saƙon faɗa ta bakin wani matafiyi ta zo har gida ta ce na tona mata asiri a duniya. A rijiya ina jin ana cewa matar gidan Baba ta zama zabiya. Na ce da Ilu ya ci gaba da neman tsofaffin kaset, don ni ban gama ba.

Muna cikin noma na biyu motar ta dawo. Wata yarinya ce ta zo gona da gudu ta ce ana nemana a tasha. Na tarar da mata sun kewaye motar, direban yana saman kaya yana kiran sunaye, ana sauke buhunan masara da garin rogo, kowane an ɗaura masa ƙyalle don shaida. Ya ce a gidan da mutanenmu suke kwana a Kwatano an saka kaset ɗin har ya fara ja, ƙarti suna kuka ba kunya. Wasu suka kwafa suka wuce da shi Lome. Ya kawo kuma kwali cike da sabbin kaset, daga mutanen Matankari da na Kore Mairuwa da ke can, sun ce su ma a je garuruwansu a ɗauko musu nasu.

Na tsaya har aka sauke buhu na ƙarshe. Babu namu. Direban ya ce bai ga maigidana ba, an ce ya bar Kwatano tun da daɗewa. Na juya na kama hanyar gida, Lami a baya.

Da la'asar sai ga Inna Hajo ta yi sallama, mata a bayanta, kowace da ƙwarya a ka. Suka juye a tsakar gida, masara gefe, gari gefe, aka raba uku, ni da ita da Ilu. Har wadda ta ce na tona mata asiri tana cikinsu. Baba ya fito ya tsaya a kan tarin, ya tambaya ko sadaka ce, don in sadaka ce a kwashe. Inna Hajo ta ce masa ladan aiki ne, kamar yadda ake ba maƙeri in ya ƙera hauya. Ya juya ya koma ɗaki. Da na kai masa tuwon masara a daren ya cinye, ya suɗe kwanon.

Sauran damanar a kan amalanken jaki muka yi ta. Da safe gona, ranar da ba noma mu ɗora batir da rediyo mu nufi ƙauyuka, ruwa ya dake mu a hanya, mu lulluɓe kayan da buhu mu bar jikinmu. A Matankari muka samu wani mai gurmi ya shiga cikinmu. A wata rugga matan Fulani da shanunsu suka ƙare suka ce su ma a ɗauki tasu, rabi da Fulatanci. Duk inda muka je da hatsi muke dawowa. Da shi muka samu ƙarfin gama noma, gero ya nuna, ba mai yawa ba, amma rumbu ya daina amsa kuwwa.

Daga wannan rumfar ta Ilu komai ya tashi. Da wadata ta dawo sai masu biki suka fara cewa a zo a ɗauki nasu. Wani mai hoto ya kafa rumfa kusa da mu don masu zuwa ɗaukar waƙa suna son a aika da hotonsu. Tela ya biyo shi, don ba mai son a ɗauke shi da tsumma. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, yanzu a waya ake turawa kafin ka sha ruwa ya isa Abijan. Ilu ya rasu ya bar yaran da ya koya wa aiki a kusan kowane shago na layin. Har yanzu samari suna tafiya kurmi, amma na san gidaje da yawa da ɗansu bai tafi ba saboda yana da abin yi a nan.

Sai dai kafin duk wannan, sai da aka yi wata magana a gidanmu. Maigidana ya dawo bayan an gama girbi, ya rame har ban gane shi daga nesa ba. Ciwo ya kwantar da shi a Lome, aikin da ya samu ya kuɓuce, da kyar ya haɗa na mota. Na yi masa tuwon sabon gero, ya ci ya kwanta. Washegari da safe ya kira ni tsakar gida, Baba yana kan tabarmarsa a gefe yana jan carbi.

Ya ce, “Na ji ki a tashar Lome, cikin rediyon wani mutum da ban sani ba. Anka ambaci sunana, maza sunka juyo suna kallona, ni ko ba ni da ko na sayen kunu.” Sannan ya ce yanzu tunda akwai hatsi a rumbu, a bar abin haka nan.

Na ji tausayinsa, don na san abin da ya ji a tashar nan ba ƙarami ba ne. Amma na durƙusa na gaya masa gaskiya. Na ce hatsin da ke rumbu ba zai kai mu bazara ba, kuma ko da zai kai, ba zan bari ba. Na iya aikin, ana son shi, akwai garuruwan da suke jiranmu. Na ce ya yi haƙuri, duk abin da ya ce in bari zan bari, ban da wannan.

Ya ɗaga murya zai yi magana, sai Baba ya ajiye carbi.

“Sani, da ka tashi tafiya, tsoho da gurgu da mai goyo ka bari a gidan ga. Ba ka aiko ba, ban ce maka komi ba, don na san ba da gangan ba ne. To ita ma kada ka ce mata komi.”

Maigidana ya tashi ya fita. Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai gaisuwa, ni ma ban matsa masa ba, ban kuma fasa shirina ba. Ranar kasuwa Ilu ya zo ɗaukar batir, don mun yi da wasu mata daga Kore Mairuwa za su same mu a rumfa. Ya rungumo shi yana jan ƙafa, yana nishi, ni ina biye da rediyo a ka. Maigidana yana zaure yana gyaran ƙotar gatari. Ya dubi ƙaninsa, ya dube ni. Sai ya ajiye gatarin, ya naɗe rawaninsa ya yi gammo, ya karɓi batirin ya ɗora a ka. Shi ya wuce gaba, ta tsakiyar kasuwa, mutane suna yi masa barka da dawowa yana amsawa. Da muka isa rumfar ya sauke, ya share gumi, ya tsuguna kusa da Ilu ya ce ya nuna masa wace waya ake fara ɗaurawa.